Ma'aikacin Ruwa a Tiga

Lokacin da nake firamare a Tiga, akwai wani wasan kwaikwayo da ake sawa a rediyo da la'asar. Labarin wata halitta ce da ke fitowa daga ruwa, ta rikiɗe ta zama wani mutum sak, ta shiga gidansa ta ci tuwonsa, shi kuwa ta ɓoye shi a ƙarƙashin ruwa. Daga ƙarshe asirinta ya tonu, wasa ya ƙare. Mu dai bai ishe mu ba. Ni da yayana muka ɗora namu a kai. Yana gyaran tarun Baba a gindin mangwaro, ina miƙa masa zare, muna ƙaro halittun, har muka cika kasuwar Tudun Wada da su.

A wuri ɗaya muka saɓa. Na ce idan biyu daga cikinsu suka haɗu a kasuwa, kowacce sanye da fuskar wani, za su ja gefe su rungumi juna, tunda jininsu ɗaya.

Yaya ya yi dariya har allura ta suɓuce masa. "Kai dai sakarai ne. Wa ya san ainihin fuskarta in ba 'yar'uwarta ba? Ai a duk kasuwar ba wanda take tsoro kamar 'yar'uwar tata. Cewa za ta yi, 'Sannu malam, daga ina?' ta wuce abinta."

Na ji haushi ƙwarai, na ce ya ɓata labarin. Ya ce shi gyara shi ya yi.

Babanmu masunci ne, ƙarnin kifi ba ya barin rigarsa ko ranar Juma'a. Yaya ya tsani wannan ƙarni tun yana ƙarami. Da ya gama sakandare ya tafi Kano, ya samu aikin ofis, ya auri 'yar wani attajiri. Ɗaurin auren ma a bakin direbobi muka ji. Su ne suka ce ya gaya wa surukansa mahaifinsa ma'aikacin ruwa ne a Tiga, irin masu gidajen siminti da ke kula da madatsar ruwan. Da Baba ya ji, murmushi kawai ya yi. "Ai bai yi ƙarya ba. A ruwa nake aiki."

Ni ban ga abin murmushi ba.

Wata damina tari ya kwantar da Baba, ƙafafunsa suka kumbura. Bai nemi asibiti ba, babban ɗansa kawai yake kira. Inna ta ƙulle busasshen kifi a leda ta ce in je Kano in taho da Yaya, ko da na yini ɗaya ne.

Na sha tambaya kafin na gano gidan. Yaya yana zaune a ƙofa a kan darduma tare da surukinsa da wasu manya, cikin farar shadda. Ya yi ƙiba, amma tabon da ƙugiya ta yi masa a haɓa yana nan. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe da manya. Iska ta kwaso ƙarnin ledata ta kai musu. Na ga hancinsa ya motsa kafin idonsa ya sauka a kaina.

"Sannu malam," in ji shi. "Daga ina?"

Wallahi da farko na ɗauka wasanmu ya tuna, har na fara murmushi. Ina jira ya fashe da dariya ya ce kai dai sakarai ne. Bai yi ba. Tsoro na gani a fuskarsa, tsoro tsagwaronsa.

Na ce, "Daga Tiga. Ma'aikacin ruwan nan ne ba shi da lafiya, yana neman ɗansa."

Ya ce, "Allah Ya ba shi lafiya." Manya suka amsa da amin. Ya juya ya ci gaba da hirarsa.

Na tsaya har ƙafata ta gaji, sannan na ɗauki ledata. A mota na yi kuka, na baƙin ciki da na fushi, har wata tsohuwa ta tambaye ni wa ya rasu.

Da na shiga ɗaki, Baba bai dube ni ba, bayana ya leƙa.

"Ka same shi?"

"Na sami gidan, Baba. Shi ne ban samu ba."

Ya daɗe yana kallon ledar da ke hannuna, ƙullin Inna ko kwance shi ba a yi ba. Sannan ya ce a saki labulen ƙofa, ya juya ya fuskanci bango. Bai ƙara tambayar kowa ko motar Kano ta iso ba.