Kifin Goggo Affiya a Bayan Kaisar

Goggo Affiya ƙanwar mahaifina ce. Tun tana yarinya take sayar da busasshen kifi a bakin tafkinmu. Ba ta iya karatu ba, amma ba a kayar da ita a magana.

Wata shekara mutanen Tsallake, garin da ke ƙetaren ruwan, suka ce tafkin nasu ne, suka shiga ƙwace tarun masuntanmu. Kowa ya san idan gwamnan Rum da ke mulkin yankinmu ya ba su gaskiya, gidaje irin nata za su kwana da yunwa. A lokacin dattawan gari na shirin buga sabon kwabon tagulla. Gaban kwabo na fuskar Kaisar ne, babban sarkin Rum, ba a taɓa shi. Bayan kuwa namu ne, kuma sun yanke a zana hasumiyar ƙofar gari.

Goggo ta tare shugabansu a hanya.

"Baba Menofilos, hasumiyar nan wani ya ce zai ɗauke ta ne? Ku sa kifi, ku kewaye shi da sunan garinmu."

"Affiya, so kike kuɗinmu ya yi ƙarni irin na zanenki?"

"Ƙarnin nan ne ya ajiye maka wannan tumbin, Baba."

Aka yi dariya, amma kifin aka buga.

Ranar kasuwar Tsallake ta kwashi mata 'yan uwanta suka haye da sababbin kwabbai. Ta taya albasa wurin wani Papiyas. Ya dubi kwabon ya ture.

"Ɗauke abinki, ba na karɓa."

Ta juya kwabon a tafinta, ta ɗaga murya yadda sojan Rum da ke gadin kasuwa zai ji.

"Jama'a ku shaida! Papiyas ya ƙi fuskar Kaisar!"

"Haba uwata, rufa mini asiri! Wa ya ƙi? Kawo, ga gyara ma."

Haka suka bi rumfa rumfa, kasuwa bayan kasuwa, har kifinmu ya shiga kowane gida a Tsallake.

Da gwamna ya zo shari'a, sai ya sa a zazzage jakar mai magana da yawun Tsallake a gabansa. Kwabbai masu kifinmu suka yi ta gangarowa.

"In tafkin naku ne," in ji gwamna, "yaya kuke ciniki da kuɗin da ke cewa na wasu ne?"

Ya bar mana tafkin. Masunta suka ɗauki Goggo a kafaɗa har bakin ruwa, tana ta faɗa su sauke ta, ta bar rumfa ba kowa.