Tafin Ƙafar Kaka

A gidanmu na Salaga, ni ce mai duba ƙafar Kaka. Tun kafin in yi wayo ƙafafunta suka daina ji. Suna tafiya, amma ko ƙaya ta taka, sai wani ya gaya mata, kuma an ce in rauni ya ruɓe, yankewa za a yi. Don haka bayan magariba, in an sauke tuwo, wutar murhu ta kwanta, sai ta ɗora min su a cinya, in matso da fitila in bi tafin da yatsa. Sai na ce lafiya lau, sannan a fara tatsuniya.

Yayana Sule ba shi da haƙuri. "Kaka, kafin Hawa ta gama dubawa mun yi furfura!"

Gaskiyarsa. In na duba sai na sake dubawa. In Baba ya tafi Yendi da goro, abinci ba ya shiga bakina sai ya dawo. Halin nan ya ishe ni. Ran nan na ce, "Kaka, babu abin da zan sha zuciyata ta zama kamar ƙafarki, in huta?"

Ta yi dariya har da tari. "Ƙawata, kututture kike so ki zama? To, ga wata nan tafe."

"Ta iso mu ji," muka ce.

Wani ɗan dako ne, in ji ta, ya gaji da ƙaya da ciwon wuya. Ya tarar da wata tsohuwa a bakin rijiya, ya roƙe ta ta cire masa jin zafi. Ta ba shi ruwa ya sha. Daga ranar, kayan mutum biyu yake ɗauka, yana ratsa sarƙaƙƙiya yana fito. Wata rana ya saɓo ’yarsa a kafaɗa zuwa kasuwa. Zazzaɓi ya kama ta a hanya, jikinta kamar tukunya a kan wuta, shi kuwa bai ji ba. Sai da ta yi laƙwas wasu mata suka yi ihu, suka karɓe ta, suka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. A guje ya koma rijiya yana cewa, "Iya, ba ni kayana!"

Ko ya aka yi ta mayar masa, ban sani ba, kada in yi ƙarya. A daidai nan hankalina ya bar labarin, don na ji ƙauri. Wani garwashi ne ya gangaro ya tsaya a gefen diddigen Kaka, ya fara cin bakin zanenta, ita kuwa tana ta kwaikwayon muryar tsohuwa. Na fizge ƙafar, na ture garwashin da ludayi.

Kaka ta leƙa, ta ce, "Kai Sule, ka gani? Ƙafata tana ji sarai. A jikin Hawa take ji." Ta shafa kaina. "Ƙurunƙus, sauran na bar wa ɓera."

Yanzu a Bawku nake, ina sayar da gero, kuma ban sake hali ba. Sai na koma na taɓa kwaɗon shago bayan na kulle, sai na taɓa goshin yara ko suna wasa. Maigidana yakan ce da damuwa hatsi ce, da mun cika rumbu. Wani lokaci har yanzu takan yi min nauyi, ba zan ɓoye ba. Amma na daina roƙon a cire min ita.

Da Kaka ta rasu, ina cikin masu yi mata wanka. Da muka kai ƙafa, hannuna ya bi tafin da kansa, kamar kullum. Babu tabo ko ɗaya, yatsunta duk suna nan. A hankali na ce mata, "Lafiya lau, Kaka."