Dutsen guga ɗaya, fuska biyu

Na ce, "Ɗan'uwa, jona min dutsen gugan nan in ga ko yana zafi."

Mai shagon kayan wuta a kasuwar Mokolo ko ɗago kai bai yi ba, idonsa na kan ƙwallo a talabijin ɗin da yake sayarwa.

"Madam, ba a buɗe kwali sai an biya. In an buɗe kuma, ba a dawo da shi."

Ni tela ce a unguwar Briqueterie, nan Yaoundé. Dutsen gugana ya ƙone, ga shaddar mutane ta bikin suna jibge, gobe za su karɓa. Na roƙe shi, ya ce in matsa, na tare masa talabijin. Wallahi haka na fito ban saya ba.

A gida ƙanwata ta nemo wani shafi a Facebook, muka yi oda. Masu shafin sai "sannu Hajiya", sai "Allah ya bar zumunci". Kafin la'asar ga mai moto a kan babur ɗinsa ya kawo kayan. Ya buɗe kwali da kansa, ya jona, ya jira har ya yi zafi.

Ina juya kwalin sai ga tambarin shagon nan na Mokolo!

Na ce, "Yau ɗin nan patron ɗinku, mai shagon nan, ya kore ni!"

Ya yi dariya. "Hajiya, a shago ke kaɗai kika ji haushi. A Facebook kuwa, in kika rubuta, duk Yaoundé ta gani."

Ashe ba mutum suke girmamawa ba, tonon silili suke tsoro. To, ga shi na rubuta. Ku ma sai kun koma bayan waya ake ganin mutuncinku?