Ƙararrawa a Tsakiyar Gaisuwa

Shekarar da na gama karatun harkar kasuwanci, gida na koma Saulawa na zauna. Da safe in bi Baba gona, da yamma in koma kan tsofaffin littattafaina. Baba bai taɓa yi mini gori ba, amma ya faɗa mini sarai cewa idan kaka ta wuce ban samu abin yi ba, zan bi ƙanensa Fatakwal sayar da albasa. Ni kuwa ko a aji aka ce in tashi in yi bayani, gumi ke fara karyo mini.

Wani abokin karatuna ɗan Kudan, wanda ya yi bautar ƙasa a Legas, shi ya tara mu a ƙungiya, mu da muka gama karatu daga Ikara da Maƙarfi da Kudan. Ya ce rashin sanin mutane ne ke cutar mu. Sai ya ari aji a wata makaranta a Maƙarfi, ya gayyato manyan 'yan kasuwa. Kowane babba da teburinsa, mu kuma mu bi layi. Kowa zai samu ɗan lokaci kaɗan, da an kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba.

"Ban da doguwar gaisuwa," in ji shi. "Ka miƙa hannu, ka kalli mutum ido cikin ido, ka faɗi abin da ka iya. Haka ake yi a can."

Mutum ɗaya nake son gani, wani Alhaji mai sayen masara da waken suya yana kai wa masu haɗa abincin kaji. Na ji yana neman wanda zai riƙe masa sito a Ikara. Na tsara abin da zan faɗa masa, na yi ta maimaitawa a gona har ya zauna mini.

Da layi ya zo kaina na ga furfurarsa, sai hannun ya ƙi miƙuwa. Ban san lokacin da na cire takalmi na durƙusa gefen tebur ba.

"Ranka ya daɗe, ina wuni?"

"Lafiya lau, samari. Ya gida?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Kasuwa da godiya. Ya ruwa a wajenku?"

Ina cikin cewa ruwa ya yi gyara, ƙararrawa ta kaɗa. Wanda ke bayana ya zungure ni da gwiwa. "Malam, ka cinye lokacinka a gaisuwa, ba mu wuri."

Na fara laluben takalmina. Sai Alhajin ya ɗaga hannu ya kira abokina.

"Kai ɗan Legas, zo nan. Tun ɗazu yaran nan ke zuwa suna matse mini hannu kamar masu neman kokawa. Ga wanda ya fara gaishe ni, kai kuma ka kaɗa mana ƙararrawa. Tashi daga makaranta aka yi?"

"Alhaji, tsarin ne haka, don kowa ya samu."

"To tsarin ya ɗan jira."

Aka yi dariya. Abokina ma ya yi, amma na ga kunya ta kama shi, na kuwa tausaya masa. Shi ya yi ta zarya gidajen mutanen nan kafin su yarda su zo, kuma ba don shi ba, da ban isa in tsaya gaban wannan dattijo ba.

Alhajin ya juyo. "Ɗan gidan wa kake?"

Na faɗa masa. Bai san Baba ba, amma ya san limamin unguwarmu, tare suka yi karatun allo. Ya tambayi lafiyarsa. Sannan ya ce, "To me ka karanta?"

Jawabin da na haddace ya watse gaba ɗaya. Abin da ya fito kawai shi ne na san yadda ake jera kaya a sito don wanda ya fara shiga ya fara fita, kuma ba na barin aiki rabi.

"Kana iya kwana biyu ba ka yi surutu ba?"

"Har fiye, ranka ya daɗe."

"Na ga alama. Ka same ni ranar kasuwa. Ban ce na ɗauke ka ba fa. Ka zo da wani babba daga gidanku."

Ranar kasuwa Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka hau mashin ɗaya zuwa Maƙarfi. Shi da Alhajin suka daɗe suna hirar taki da farashin masara, ni ina rakuɓe a bakin rumfa, ba wanda ya ambaci aiki. Sai da muka miƙe za mu tafi Alhajin ya ce wa Baba, "Ka bar mini yaron nan in gwada shi zuwa ƙarshen kaka."

Baba ya ce, "Ai naka ne."

Washegari da sassafe na tafi Ikara, aka ba ni tsintsiya da makullin sito.