'Yar Ingilar da Aka Ɗinka a Dutsin-Ma

Shekarun baya, lokacin da kayan waje suka yi wuya a kasuwa, ina dillancin kayan mata tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Gida-gida nake shiga da ƙullina: shimi, siket ɗin ciki, rigar mama. Matsalar ita ce matan ba sa kallon ɗinki, 'yar lambar da ke jiki suke nema. In babu rubutun Turanci, ko taɓawa ba sa yi.

Akwai wata mai ɗinki Kirista, matar wani malamin asibiti, muna ce mata Madam. Hannunta ya fi na kamfani. Ita ke ɗinka min, ni kuma in je wajen 'yan gwanjo in cire lambobin tsofaffin kaya, in liƙa a nata da allura, in sa a leda, in ce 'yan Ingila ne. Ban taɓa gaya mata ba. A lokacin ina ganin duk Katsina babu mai wayona.

Babbar mai sayen kayana wata Hajiya ce a Kurfi, wadda in ta yaba abu duk unguwa sai an saya. Rannan ƙugiyar rigar maman da ta saya a wurina ta cire, ta shigo Dutsin-Ma biki, aka yi mata kwatancen mai gyara. Wa za a kwatanta mata in ba Madam ba?

Washegari da hantsi Madam ta yi sallama gidana, ta ajiye rigar a kan tabarma.

"Yaya, an ce in bi ta a hankali, wai 'yar Ingila ce, ba irin ɗinkinmu na ƙauye ba."

Na ce, "Madam, zauna mana."

"A'a. Na zo in ga hanyar Ingila ne, ashe ta ƙofar gidanki ta bi. Ban faɗa mata komai ba. Jibi za ta aiko a karɓa. Ko ki kai mata ki faɗa mata da bakinki, ko kekena ya daina yi miki aiki."

Kwana biyu ban iya zama wuri ɗaya ba. In ɗauki ƙulli in ajiye. In na yi shiru na rasa Madam, in na faɗa Hajiya ta tona ni a Kurfi. Har tuwo na ƙona, mahaifiyata tana tambaya ko aljanu ne.

Ranar da aka sa na hau motar Kurfi, na faɗa wa Hajiya komai a tsaye. Ta juya rigar, ta daɗe tana duba ɗinkin.

"Amma ke dai an yi 'yar banza. Wata takwas ina yi wa mutane fankama da ita!"

Ta kore ni, kuma ta ba da labari. Gidaje da yawa sun rufe min ƙofa, wasu har yau. Sai bayan sallar layya ta aiko a kira ni. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba ta ce, "Ki ce wa matar nan ta ɗinka min uku. Ta ɗan saki nan gefen, tunda Ingilar kusa take."

Tun daga nan duk abin da zan sayar sai na faɗi inda ya fito da hannun da ya yi shi. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya gyara ni ba, Madam ce ta ritsa ni. Har yanzu in na ga mace tana laluben lamba a jikin kaya, sai in ce mata ta duba ɗinkin.