Baba da Jirgin da Ya Hana Ɗansa Sayarwa

Ina cikin auna wata mai ciki a asibitinmu na Yelwa sai wayata ta yi ƙara. Inna ce, kuma Inna ba ta kira da hantsi sai da dalili. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Hadiza, Babanku ya cika. Ki gaya ma Bashari." Na yi salati na zauna a bakin gado, matar da ta zo a duba ta ita ta koma tana riƙe da hannuna. Na daɗe da sanin ciwon Baba ba na tashi ba ne, aikina ya nuna mini hakan. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne rabin maganar na biyu. Yaya Bashari, babban ɗansa, rabonsa da taka ƙofar gidanmu tun farkon damina. Yana Kontagora, kuma za a yi jana'iza da azahar. Na kira shi bai ɗauka ba, na sake kira, daga ƙarshe na tura masa saƙo.

Mahaifina, Malam Ɗanjuma, kafintan jirage ne a tashar ruwa ta Yauri. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya zama mai yanka ciniki. Al'adar tasha ce, idan mai saye da mai sayarwa suka kasa daidaitawa a kan jirgi, sai su tafa hannu a gaban jama'a su kira dattijo, abin da ya yanka ya zauna. Baba ya yi wannan aiki shekara da shekaru bai taɓa karɓar la'ada ba. Ko shayin mai sayarwa ba ya sha. An taɓa aiko masa da giwan ruwa ana gobe ciniki, Inna har ta wasa wuƙa, ya sa aka mayar, muka ci tuwo da miyar kuka muna hararar sa. Yakan ce, "Mai saye za shi gida, mai saidawa za shi gida, ni ke zama tasha ana kallon fuskata."

Yana da ƙa'ida guda da ta sha gajiyar da mutane. Ba ya sa wa jirgi kuɗi a inda aka kawo shi talla. Sai ya shiga ciki an kai shi garin mai saye, bakin ruwan da za a riƙa ɗaure shi. "Ku kai ni inda za shi kwana," haka yake cewa. Dillalai sun tsani wannan magana.

Yaya Bashari ya gaji idon Baba a kan jirgi, bai gaji haƙurinsa ba. Bana ya sayar da fadamar shinkafarsa, ya tafi Kudu ya dawo da wani sabon ƙaramin jirgi na faiba, wato irin robar nan mai tauri, fari fat, mai ɗaki a gaba da tagogin gilashi da katifa, ga babban inji a baya. Ranar da aka sauke shi daga mota, har masu tuyar ƙosai sun bar kaskonsu sun zo kallo. Masu saye ba su yi wuyar samu ba. Mutanen wani tsibiri ne a ƙasar Ngaski, Musulminsu da Kiristansu, da suka yi karo-karo bayan girbi don su sami jirgin kai masu naƙuda asibiti. Sun gaji da ganin mata a kwance cikin kwale-kwale ruwan sama na dukansu. Shugabansu, Dattijo Yohanna, ya taya, Yaya ya ce albarka. Aka kai ruwa rana. Sai Yohanna ya ce a kira Malam Ɗanjuma. Aka tuna masa uban mai jirgin ne. Ya ce ya sani, shi ya zaɓa. Yaya ya yi dariya ya ba shi hannu.

Ni ma an tafi da ni, don in duba ko mai naƙuda za ta iya kwanciya a ɗakin. Za ta iya, har da mai jinyarta. Baba ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa yadda yake yi wa katako, sannan ya yi murmushi ya ce faiba ba ta magana da shi, bai san yarenta ba. Bai ji kunyar tambayar ɗansa ba. Nawa yake shan fetur zuwa Wara? Idan farfela ta karye a ina ake samu? Wane makaniki ya taɓa buɗe irin injin nan a Yauri? Yaya yana amsawa da alfahari, wani lokaci da gaskiya, wani lokaci da ƙarin gishiri. Da aka tayar da inji, jirgin ya yanki tafki kamar ba ya taɓa ruwa, na ga Baba ya dafe hula yana dariya irin wadda na daɗe ban gani ba. Na ce a raina ciniki ya faɗa.

Lokacin ruwan tafki ya janye sosai. Muna hango rumfunan tsibirin, matuƙi ya rage gudu, don kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin da aka datse kogi aka yi dam sun fara leƙowa. Can sai muka ji cikin jirgin ya gogi ƙasa. Kwale-kwalen katako gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, yana shiga har ciyawa. Wannan kuwa cikinsa mai tsini ne, na ruwa mai zurfi. Muka tsaya nesa da gaɓa, yara suna ɗaga mana hannu ba mu jin muryarsu. Baba ya miƙe. Ya naɗe riga, ya karɓi gora, ya sauka. Ruwa ya kama shi a ƙirji. Haka tsohon nan ya taka cikin laka har tudu, muna binsa a wani kwale-kwale da aka turo mana.

A gindin mangwaro aka shimfiɗa tabarma, gari ya taru. Baba yana ɗigar ruwa ya tambayi Yohanna wata nawa ruwa ke zama haka. Ya ce har sai damina ta yi nisa. Yaya ya matso kusa da Baba ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya, amma na ji shi. "Baba, gonata na cikin wanga jirgi." Baba ya ce, "Na sani." Ya dubi ƙasa.

Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Kuɗin da Bashari ya faɗi, kuɗin jirgin ne, bai ƙara ko kwabo ba. Amma ba jirginku ba ne. Kun ga inda munka tsaya. Mai naƙuda sai an ɗauke ta cikin kwale-kwale an ɗaga ta sama tsakiyar ruwa. In injin ya tsaya, sai an jira kaya daga Kudu. Ku samu mai katako ya ƙera muku babba ya yi mashi rumfa. Ni ban yanka wanga ciniki." Yohanna ya sunkuyar da kai, bai iya kallon Yaya ba. Muka juyo Yauri.

A tasha ba a riƙe dogon bayani. Abin da ya bazu kawai shi ne Malam Ɗanjuma ya ƙi jirgin, kuma jirgin da ya ƙi babu mai sake taya shi daga Shanga har Wara. Aka lulluɓe shi da tamfol. Yaya ya kwashe iyalinsa ya tafi. Na yi fushi da Baba, kuma na faɗa masa. Na ce me ya hana shi jan ɗansa gefe tun muna Yauri. Ya ce, "Da na sani tun Yauri da na faɗi tun Yauri. Can na gani, can na faɗi. Mutanen nan gero da kifi sunka saida." Amma ya daina cin abinci sosai, kuma duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗaga kai. Da ciwo ya kwantar da shi ya matsa a kai shi tasha ranar kasuwa, wai zai tsaya a gaban kowa ya maimaita cewa jirgin ba shi da aibu, mai ruwa mai zurfi ya zo ya saya. Ƙafafunsa ba su yarda ba. Ganina da shi na ƙarshe ya riƙe mini mayafi ya ce, "Ki ce ma yayanki kada ya rage. Kuɗinshi daidai ne. Ban taɓa shiga jirgi mai kyawonshi ba." Na aika wa Yaya cewa Baba na neman sa, bai amsa ba. Sauran maganar na ajiye sai mun haɗu.

Ranar rasuwar aka yi wanka, aka yi sutura, liman ya zo. Ina tsakar gida idona na kan ƙofa, Inna na jan carbi. An jinkirta iya abin da za a iya, rana ta karkata, aka sallace shi babu Yaya. Daga baya maigidana ya ce mini a maƙabarta Yaya ya iske su, da gudu, takalmi a hannu, ana shirin saka Baba. Mutane suka buɗa masa hanya, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Bayan la'asar ya shigo ɗakin Inna da ƙasa a gwiwoyinsa. Da ya gama gaisuwa na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba.  Sannan ya ce, "Na saida shi makon jiya, Hadiza. Wani dillali ya ɗauka a rabin kuɗi." Inna ta runtse ido. Can Yaya ya sake cewa, "Da bakinshi ya ce daidai ne?" Na ce, "Da bakinshi, Yaya." Ya kifa kai a gwiwar Inna ya yi kuka irin na yaro. Da ya natsu ya wanke fuska ya fita wajen masu ta'aziyya. Mutanen tsibirin sun ƙetaro, Dattijo Yohanna na rakuɓe a can ƙarshen tabarma. Yaya ya bi layi yana gaisawa har ya iso kansa, ya miƙa masa hannu biyu.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa gaskiyar da ya riƙe ta tsaya masa ranar hisabi. Allah ya ba Inna haƙurin zama a ɗakin da babu shi. Allah ya mayar wa Yaya Bashari da abin da ya fi fadamarsa, ya sanyaya masa zuciya a kan watannin da ba za su dawo ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.