Sunan da ya bi ta Faris da Landan

Shekarar da gero ya ƙi fitowa a ƙasar Damagaram ina can ina koyar da Ingilishi, ni Bakano a cikin Hausawa 'yan uwana, amma a takarda baƙo. Mu baƙin malamai muna da ɗan yawa a makarantar: akwai mutumin Gana, akwai Bamisire mai Larabci, akwai Bafaranshe mai lissafi. Su in an ce musu baƙi ba a yi ƙarya ba. Ni kuwa harshenmu ɗaya da mutanen gari, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, amma sai da aka buga mini hatimi kafin in zauna. Yara suna kirana Mushen Angale, wato malamin Ingilishi.

Komai na garin kamar da ni yake faɗa. Keken rubutun ofis na Faransa ne, inda yatsana ya saba samun harafin A, su harafin Q suka ajiye, sai in buga jarrabawa ta fito kamar rubutun mashayi. Lantarki ya zo da safe, kafin azahar ya kama gabansa. Famfon gidan da nake haya a Birni sai dai ya yi tari ya yi shiru. Ajina kullum raguwa yake, yaran ƙauyukan Droum da Hamdara in sun je ganin gida ba sa dawowa, iyayensu sun watse neman abin kaiwa baka. Duk wannan na haɗiye shi. Abin da gidan waya ya yi mini ne har yau yake tsaye a maƙogwarona.

Mahaifiyata ta rasu kafin in taho, ni kaɗai ne ɗanta da ya rayu, kuma ba ta ga jika ba. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta na ƙudura a raina, in Allah ya ba ni 'ya mace sunanta zan sa. Ban gaya wa kowa ba, har matata, don a wurinmu ba a zancen sunan abin da ke ciki. Da cikin matata ya tsufa na mayar da ita Kano gidan iyayenta, haihuwar fari ce. Ban daɗe da dawowa ba gwamnatin sojan ƙasarmu ta rufe iyaka ruf.

Wani mai shigo da hatsi ta hanyar daji ne ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce mini an sauka lafiya, mace. Da na tambayi ranar, sai na ga jibi ne suna. Shi kuma arewa ya nufa da kayansa, ba Kano zai koma ba. Na tafi wurin shugaban makaranta neman izini, ko ɗago kai bai yi ba.

"Mushe, jarrabawa ake yi. In ka tsallaka sojoji suka kama ka, ba ruwan lakol, makaranta ba za ta tsaya maka ba."

Sai gidan waya. Yayan matata akawu ne a wani kamfanin fata, ofishinsu akwai tarho. Na ba matar da ke haɗa layi lamba, wata mai tabarau da ba ta san gaggawa ba. Ta duba ta ce, "Kano? To sai ka nemi wuri ka zauna, Mushe. Ni in kira Yamai, Yamai ta kira Faris, Faris ta kira Landan, Landan ta nemo Legas, sannan Legas ta ba ka Kano in ta ga dama."

"Madam, Kano fa na ce. Ga ta nan kusa. In mota ta tashi da hantsi a can za a yi la'asar."

"Mota ka ce. Waya ba ta san wannan hanya ba. Nasaranku da namu ba su ja igiya tsakaninmu ba."

Wallahi ji na yi kamar in kifar da kantar. Hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna suna kai fata suna kawo goro, ita ce magana ba za ta iya bi ba sai ta tsallaka teku ta je ta gaida Turawa gida biyu. Ranar nan haka na wuni a kan benci, ina kallon mutanen ƙauye da suka fake a inuwar ginin da 'yan ƙunshinsu, har aka ɗauke wuta aka ce mu dawo gobe.

Washegari na bar ajina a hannun mutumin Gana na koma. Rana ta take sosai matar ta ƙwala mini kira ta nuna ɗan akurkin da ake shiga a yi waya. Ƙofarsa ba gilashi, duk wanda ke wurin yana jin ka. Na ɗauki kan tarho, sai shuuu kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Wata ta yi mini Faransanci, wata ta yi mini Ingilishi ta hanci, kuma duk abin da na faɗa sai ya dawo mini da muryata. Can ƙasa na jiyo yayan matata.

"Malam, kai ne? Barka, barka! Gobe suna, tun jiya muke cigiyarka. Wa za a sa?"

"Yaya, a sa mata sunan mahaifiyata."

"Me? Ɗaga murya!"

"Sunan mahaifiyata!"

Ƙara ta cinye farkon maganarsa, ƙarshen kawai na kama: "…na Inna ke nan?"

Inna nake ce wa mahaifiyata tun da na iya magana. Na ce, "E, na Inna!"

"Allahu akbar! Malam, Allah ya saka…"

Ɗif, layi ya yanke. Na roƙi matar ta sake haɗawa, ta ce Faris ta ba wani, kuma ga mutane a bayana. Ban damu ba. Na fito ina murmushi ni kaɗai, na sayi goro na rarraba wa malamai, har Bafaranshen da bai san yadda ake cin sa ba.

Sai da aka yi dogon hutu na samu na tsallaka ta daji, rabi a bayan babur rabi a ƙafa. Na isa gidan surukaina, aka yi mini shimfiɗa a zaure, aka kawo mini jaririya da 'yan kunnen zinariya a kunnenta. Ina cikin kallonta aka ce surukata na son gaisawa da ni. Matar nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ranar ma daga bayan labule ta yi magana.

"Malam, ban san da bakin da zan gode maka ba. 'Ya'yan cikina maza sun haifi mata, ba wanda ya tuna da ni. Kai kuwa daga wata ƙasa ka bugo waya ka ce a yi mini takwara. 'Yan kunnen nan tun na aurena ne, na ba ta."

Nan take na gane. Ni na ce mahaifiyata, shi ya ji mahaifiyatta, yadda mu Kanawa muke faɗin mahaifiyarta, ya ɗauka uwar mai jego nake nufi. Su ma kuma tasu uwar Inna suke ce mata. Ga tsohuwa tana kukan murna a bayan labule, an yanka rago, liman ya yi addu'a, unguwa duk ta shaida. Me zan ce? Na buɗe baki na ce, "Ba komai, Inna."

Abokaina biyu kawai na taɓa ba wannan labari, kuma dukansu sai da suka ƙara mini takaici. Ɗaya ya ce ai da na faɗi sunan kai tsaye. Na ce masa shi ya je ya tsaya a tsakiyar gidan waya, gaban 'yan kasuwa da sojoji, ya kwarara sunan uwarsa gatsau kamar mai kiran akuya, in ya iya ya dawo mu yi magana. Ɗayan ya ce mene ne bambancin, tunda ko na uwata ne ko na surukata ba zan kira yarinyar da shi ba, lakabi za a yi mata. Wannan kam tashi na yi na bar masa wurin.

Ba na jin haushin yayan matata, abin da ya ji ya faɗa. Ba na jin haushin tsohuwar, ta riƙe takwararta da ƙauna har ta koma ga Allah, ba ta taɓa sani ba. Haushina yana kan waɗanda suka zauna suka tsara cewa Bahaushe ba zai yi wa Bahaushe magana ba sai ta bi ta ƙofarsu, da waɗanda suka karɓi mulki suka bar abin yadda suka same shi, suka ƙara da rufe hanya.

Na ce wa kaina ba komai, 'ya ta gaba zan sa wa sunan. Bayan yarinyar nan Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu, dukansu maza.